Mutuwar da Ba Ta Shiga Lissafin Yaƙi

Akwai wata irin mutuwa da ta yawaita a cikinmu tun da yaƙin nan na Sudan ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, kuma ba ta shiga lissafin kowa. Tsoho ne zai fito daga garinsa da ƙafafunsa, ya tsallake shingayen bincike, ya iso Gadarif ko Kasala lafiya lau, 'ya'ya su yi ta hamdala. Kafin damina ta zagayo sai ka ji ana shelar jana'izarsa a masallaci. In ka tambayi abin da ya same shi, sai a ce maka, "Wallahi ba wani ciwo, kwanciya kawai ya yi." A wurin zaman makoki mu ce kwana ne ya ƙare, kuma gaskiya ne, ba mai wuce ranarsa. To amma ajali yana da sanadi, kuma ni a ganina sanadin da yawa daga cikin waɗannan mace-mace shi ne tashin da aka yi wa mutanen daga inda suka saba, ba da son ransu ba, aka kuma raba su da jama'arsu.

A farkon 2025 hukumar ƙaura ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙidaya sama da mutum miliyan 11 masu zaman gudun hijira a cikin Sudan, ban da fiye da miliyan 3 da suka tsallaka iyaka. Duk inda aka kawo wannan adadi, abin da ke biyo baya shi ne tanti nawa ake buƙata, buhun dawa nawa, bargo nawa. Ba na raina ko ɗaya daga ciki. Wanda ya taɓa kwana a fili damina na zuba ba zai raina tanti ba. Abin da nake ƙi shi ne tunanin da ke ƙarƙashin lissafin, wato da zarar an sama wa mutum rufi an cika masa ciki, an gama da shi.

Sudan ta daɗe da sanin cewa ba haka ba ne. A 1959 gwamnatin Janar Abbud ta sa hannu da Masar kan yarjejeniyar ruwan Nilu, Masar ta biya diyyar fam miliyan 15, aka yarda ruwan babbar madatsar Aswan ya haɗiye Wadi Halfa da ƙauyukanta. Nubawa wajen 50,000 abin ya shafa. An tambaye su inda suke so a kai su, suka nuna sun fi son kusa da Khartum, sai a Oktoban 1960 aka sanar da su cewa Khashmul Girba za su, can gabas, wajen kogin Atbara. Suka yi zanga-zanga, bai hana komai ba, jirgin ƙasa na farko ya kwashe su a Janairun 1964. In ka duba takarda ba za ka ce an cuce su ba: gidajen siminti, gonakin rani, makarantu, asibiti. Sai dai mutanen da suka tashi a ƙasar da ake yin shekaru ba a ga ɗigon ruwan sama ba, sai ga su cikin tsawa da taɓo da sauro. Zazzaɓi ya same su, tsargiyar da ke cikin magudanan ruwan gona ta kama yaransu. Dabinon da kakan mutum ya dasa aka yi masa kuɗi, kaburburan iyaye suka koma ƙarƙashin tafki. Ƙauyukan da aka gina musu lambobi aka ba su, aka rufe su da kwanon asbestos da har yau ake kuka da shi. Wasu kuwa suka kafe suka ce ba inda za su, ruwa na tasowa suna ja da baya, har suka kafa Wadi Halfa ta yanzu a bakin tafkin.

Haka aka maimaita a madatsar Marawi da aka buɗe a 2009, inda aka tayar da mutanen Hamdab da Amri da Manasir. A 2006 an harbe mutane a Amri. Daga ƙarshen 2011 Manasir suka yi watanni suna zaman dirshan a birnin Damar, kuma abin da suke nema bai wuce a bar su su zauna a gefen tafkin, kusa da ƙasarsu ba. Mutumin da ya zaɓi kan dutse a kusa da gida ya ƙi sabon gini a nesa, har ya tsaya gaban bindiga a kan haka, ba wauta ke damunsa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Mu ma namu bai yi nisa ba. Madatsar Rusairis da aka kammala a 1966, an ƙara mata tsayin mita 10, aka buɗe a farkon 2013. Ƙauyukan bakin Nil Azraƙ da ruwa zai ci aka tattara su, cikinsu har da Hausawa masunta da masu noman bakin kogi, aka zuba su a sababbin garuruwa, su ma masu lamba. A waɗannan garuruwa na yankin Wad al-Mahi ne aka yi mummunan zubar da jini a Oktoban 2022, inda fiye da mutum 200 suka hallaka, bayan sama da 100 da aka rasa a watan Yulin shekarar a Rusairis da kewaye. Ban ce madatsa ce ta kunna wutar ba. Akwai batun sarautar gargajiya da Hausawa suka nema aka ce ba su da ƙasar da za a naɗa musu ita, akwai 'yan siyasa masu cin abinci da irin wannan, kuma maƙwabtanmu na wasu ƙabilu su ma sun binne nasu, sun gudu sun bar nasu gidajen. Amma in ka ɗebo al'ummu daban-daban daga inda kowa ya san iyakar gonarsa tun kaka da kakanni, ka haɗa su wuri guda kan ƙasar da ba ta isa ba, ka riga ka tara itace.

Ku duba hanyar da wasu iyalanmu suka bi. Ruwa ya tashe su, suka fara sabawa da sabon wuri. Rikicin 2022 ya kore su zuwa Sinnar da Rabak da Jazira. A Disamban 2023 dakarun RSF, masu yaƙi da sojojin gwamnati, suka shiga Madani, a ƙarshen Yunin 2024 suka shiga Sinja, aka sake ɗaura kaya a ka aka nufi Gadarif. Yarinyar da aka haifa a 2013, shekarar da aka buɗe ƙarin madatsar, ba ta kai aure ba, amma ta riga ta ga an tashi gidansu sau uku.

Yadda ƙaura ke cin jiki ba boyayyen abu ba ne. Aji guda na makaranta da aka gina don yara su wuni, sai ya zama ɗakin kwanan iyalai da yawa, an raba tsakani da zane. Shadda kaɗan ga ɗaruruwan mutane. A watan Agustan 2024 ma'aikatar lafiya ta bayyana ɓarkewar kwalara, kuma Kasala da Gadarif, inda mutane suka fi cunkushewa, suna cikin wuraren da ta fara yi wa ɓarna. Ga zazzaɓin dengi, ga na cizon sauro, ga ƙyanda a cikin yaran da allurarsu ta katse a hanya. Mata kuma suna da tasu wahalar da ba sa faɗa: mace ta ƙi shan ruwa da rana don kada ta ratsa maza zuwa bayan gida, ta riƙe fitsari har dare, a wayi gari tana fama da ciwon mara. Mai ciki da a garinsu ta san ungozomar da za a buga wa ƙofa ko da tsakar dare ne, nan ba ta san kowa ba.

Waɗannan aƙalla ana ganinsu. Masu ciwon da ba ya jin kwana ɗaya su ne aka fi mantawa. Madani ce ta riƙe masu wankin ƙoda da masu ciwon daji bayan Khartum ta zama fagen daga. Da ita ma ta faɗi, sai mutumin da ransa ke rataye da na'ura sau biyu ko uku a mako ya shiga lori yana neman inda za a karɓe shi. Mai ciwon sukari yana yawo da allurar da take buƙatar sanyi a garin da ba wuta.

Akwai wani dattijo da nake kai wa gaisuwa a wata makaranta a nan Gadarif, masunci ne daga gefen Rusairis, mai hawan jini. Na tambaye shi maganin da yake sha. Ya ce, "Ɗana, ni ina na san sunansa? 'Yar ƙaramar ƙwaya ce fara mai tsaga a tsakiya. Yaron da ke shagon magani a garinmu shi ya sani, in ya hango ni tafe tun kafin in yi sallama ya ɗauko." Kwalin ya ɓace a hanya, yaron shagon kuwa Allah kaɗai ya san inda yaƙi ya jefa shi. Haka ya yi watanni ba magani, bai kuma faɗa wa kowa ba don kada ya ɗora wa 'ya'yansa nauyi. Lokacin rabon abinci na takiyya, inda matasan unguwa ke dafa wake da adas a manyan tukwane, ba ya tashi. Jikarsa ce ke karɓo masa, shi ma sai ya ɗan taɓa ya tura mata. Da na matsa masa, sai ya ce, "Ni da ake fitar da akushi daga gidana kullum dare, yau ni zan riƙe kwano a layi?" Na ce, "Baba, lalura ce, ba wanda zai ga laifinka." Ya ce ya sani. Bai canza ba. Yanzu ɓarin jikinsa na hagu ya shanye.

Wannan dattijo ya fahimtar da ni cewa lafiyar talaka ba a asibiti kaɗai take ba. Tana hannun mai shagon da ke ba shi bashi har kaka, da maƙwabciyar da za ta lura yau ba a ga hayaƙi a gidan ba ta leƙo, da limamin da zai tambaya in ba a gan shi a asuba ba, da majalisar da ake shan shayi ana tsokanarsa har ya yi dariya. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ke shiga lori. Masu binciken da suka bi sawun 'yan ƙabilar Tonga wajen 57,000 da madatsar Kariba, a iyakar Zambiya da Zimbabwe, ta tayar a ƙarshen shekarun 1950, Elizabeth Colson da Thayer Scudder, sun shafe shekaru da dama suna komawa wurinsu, kuma abin da suka gano ke nan: ƙaurar dole tana bugun jiki da zuciya da zamantakewa a lokaci guda, kuma shekarun farko su ne mafi haɗari.

Sai ciwon da muka fi jin kunyar ambata. Mu dai mukan ce wane "tunani ya yi masa yawa". Ba ya barci, ƙarar babur ta sa ya zabura, abu kaɗan ya hau faɗa. Yaron da ya daɗe da daina fitsarin kwance ya koma yi. Na lura mata sun fi saurin miƙewa, domin sana'arsu tana shiga faranti: cikin mako guda za ka ga an kafa murhun shayi a bakin titi, ana suyar zalabiya, ana ƙulla gyaɗa. Mai agashe ma in ya sami gawayi da tire ya tashi. Amma manomi da masunci fa? Gona ba ta ɗaukuwa, kogi ba ya bin mutum. Sai magidanci ya wuni a gindin katanga matarsa ce ke kawo na cefane, kuma ba kowane namiji ne zuciyarsa ke ɗaukar wannan ba. Daga nan ake samun zagi, da duka, da sakin da ba a yi niyya ba. Likitocin ƙwaƙwalwa dama ba su da yawa a ƙasar nan tun kafin yaƙi, manyan asibitocinsu kuma, irin na Tijani al-Mahi da ke Umdurman, sun kasance cikin yankin da aka fi gwabzawa.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne amsar da mu kanmu muke ba irin wannan mutum. "Ka yi haƙuri, ai ka tsira da ranka." "Wannan rashin tawakkali ne." Wallahi ba haka addini ya koya mana ba. Hadisi ingantacce ne daga Nana A'isha cewa da Muhajirai suka isa Madina zazzaɓi ya kwantar da Sayyidina Abubakar da Bilal, kuma Bilal in zazzaɓin ya sake shi sai ya ɗaga murya yana begen kwarurrukan Makka da ruwayenta. Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, bai ce masa imaninsa ya yi rauni ba. Addu'a ya yi Allah ya sa musu son Madina kamar yadda suke son Makka ko fiye, ya kuma inganta musu lafiyarta. Ya haɗa begen gida da ciwon jiki a addu'a guda. Sannan ya ƙulla 'yan'uwantaka tsakanin kowane baƙo da ɗan gari, don kada wani ya zauna ba shi da ƙofar da zai buga. Abdurrahman ɗan Aufu kuwa da ɗan'uwansa na Madina ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, cewa ya yi a nuna masa kasuwa. In mafi alherin al'umma sun yi begen gida har ya kwantar da su, wane ne mu da za mu ce wa tsohuwar da ke kukan ɗakinta ta yi shiru?

Na san abin da wasu za su ce: ai mu jikokin masu hijira ne. Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci ragowar jama'a suka yo gabas da ƙafa, suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa a bakin Nil Azraƙ kusa da Sinnar. Wasu kuma alhazai ne da hanya ta riƙe, suka yi aikin auduga a Jazira bayan an gama madatsar Sinnar a 1925. Ga shi sun kafu sun yi jikoki. Haka ne. Sai dai mu tuna ba mu san adadin waɗanda aka binne a hanya ba, labarin waɗanda suka iso kaɗai muka gada. Kuma waɗanda suka iso ɗin tare suka iso, da shugabansu da malamansu da maƙeransu da ungozomominsu. Sun sami ƙasar noma, su suka tsara unguwanninsu, su suka raɗa wa garinsu suna. Ita ma hijirar dole ce, Turawa ne suka koro su, amma ragamar tafiyar tana hannunsu. Wannan shi ne bambancinta da a tsaya da lori a ce kowa ya hau, a sauke uwa a Kasala, ɗa a Bur Sudan, kishiya a Kosti.

Bahaushen Sudan kuma yana da ƙarin kaya a kan na kowa. Ɗan Halfa da aka tayar, duk zaluncin da aka yi masa, ba wanda ya ce masa shi ba ɗan ƙasa ba ne. Mu kuwa mutum kakansa a nan aka haife shi, amma da zarar ya bar garin da aka san shi, sai a fara tambayarsa asalinsa. In takardun shaidarsa sun ƙone tare da ɗakinsa, kowane shinge sai gabansa ya faɗi. Mazauna kanabi, wato 'yan ƙauyukan leburorin gona na Jazira da aka bari shekara da shekaru ba takardar fili ba asibiti, sun ga hare-hare a Janairun 2025 bisa zargin da aka yi musu a dunƙule. Ta yaya mutum zai saki jiki ya saba da wuri alhali kullum ana tuna masa cewa baƙo raɓa ne? Wanda bai saki jiki ba kuwa ba ya barci, ba ya zuwa asibiti sai ciwo ya ci ƙarfinsa, ba ya kai ƙara in an cuce shi.

Ban ce kada a gina madatsa ba. Wutar da nake rubutu da ita wani ɓangarenta daga Rusairis da Marawi take. Ban kuma ce yara su dawwama ba karatu don an zauna musu a aji ba. Tun 2024 hukumomi a jihohin gabas suka fara kwashe mutane daga makarantu don a koma karatu, kuma bayan sojoji sun karɓe Sinja da Madani da Khartum ana ta kiran mutane su koma gida. Duka biyun suna da hujja. Tsorona shi ne a sake yin su yadda aka saba, da sanarwar kwana kaɗan da motar 'yan sanda, ko da matsin da zai sa mutum ya koma garin da ba ruwa ba asibiti don kawai an gaji da shi. Komawar da aka tilasta ita ma wata ƙaurar ce, jiki kuma ba ya bambance su.

Abin da nake roƙo ba ya cin kuɗi mai yawa. Kafin a tashi mutane, a kai dattawansu da matansu su ga wurin da idonsu, kuma in sun ce bai yi ba a saurara, kada a maimaita abin da aka yi wa mutanen Halfa, a tambaye su sannan a yi abin da aka ga dama. A kwashe su unguwa-unguwa, maƙwabci kusa da maƙwabcinsa. A bar mai sana'a ya kafa tirensa ba tare da an kore shi daga bakin kasuwa ba, manomi kuma a ba shi ko aron fili ne na damina ɗaya, Gadarif ba ta rasa ƙasa ba.

Mu kuma da muke da gidaje a garuruwan da aka sauka, akwai abin da ba sai mun jira hukuma ba. Ƙungiyoyinmu na Hausawa sun iya tara kuɗin biki da na makoki cikin dare ɗaya ta waya. Matasanmu da suka karanta aikin jinya da haɗa magani su shiga makarantun nan da littafi, su bi tsofaffi ɗaya bayan ɗaya, su auna jininsu, su gano sunan ƙwayar da kowa ke sha, su rubuta masa a kati ya sa a aljihu. Limamai su ja dattawan da suka sauka cikin sahun gaba da shawarar masallaci, a riƙa kiransu sulhu da ɗaurin aure kamar yadda ake kiransu a garuruwansu. Wanda kuma aka san ba zai iya tsayawa a layi ba, a aika masa da akushi daga gida, da hannun yaro, yadda ake aika wa maƙwabci.